Ramalan Mai Hura Inji da Baki

Ƙanena Ramalan mutum ne mai son yabo, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In ya yi maka aiki ba ya jira ka gode. Tsayawa yake a gabanka ya ce, "To, faɗi in ji." Tun muna yara a garinmu Buza haka yake, har ya yi furfura bai canza ba.

Ya zo Arlit yana ɗan shekara ashirin da biyu, ni kuwa aure ya riga ya kawo ni. Shekara goma sha tara ya yi yana fasa dutse a ramin uraniyom, can ƙarƙashin ƙasa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce rashin sani ne ya kashe shi. A can an koya masa cewa ba a huda dutse sai da ruwa, ba a kuma shiga ƙura babu maske a hanci. Ya san wannan sarai.

Da aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. A lokacin kuwa zinariya ta ɓulla a arewa, manyan motoci na sauke buhunan dutse a wani fili bayan gari, inda ake niƙa shi ya zama gari kafin a wanke a fitar da zinariyar. Ramalan ya sayi injin niƙa ɗaya, ya kira autanmu Almustafa daga gida su yi tare.

Ciwon wannan sana'a zargi ne. Wanda ya yi wata biyu a rami kafin ya tara buhu uku ba ya yarda da kowa. Duk garin da ya maƙale a cikin inji, a idonsa zinariyarsa ce aka riƙe. Kullum sai an yi cacar baki a filin, wani lokaci har da wuƙa. Sai Ramalan ya fito da tasa dabarar. In ya gama niƙa, ya kashe inji, ya buɗe murfi, ya share da tsintsiya a gaban mai dutse. Sannan ya sauke maske, ya cusa kai ciki, ya hura kowane lungu da baki har ragowar garin ya zubo kan leda. Ya ɗago fari fat, gira da gemu, yana jiran magana.

Suna kuwa faɗa masa. Wani Ousmane, mai kawo dutse daga arewa, a gaban jama'a yake cewa, "Ramalan, ko wanda muka sha nono ɗaya bai riƙe mini amana haka ba." Layi ya yi tsawo a gaban injinsa. Kafin shekara ta zagayo sauran masu inji ma dole suka fara, don mai dutse zai tsaya ya ce, "Yi mini irin ta Ramalan."

Ranar sunan 'yarsa na tare shi a tsakar gida.

"Kai da ka san aikin ruwa, me ya hana ka wanke injin da ruwa?"

"Yaya, sun ce ruwa na tafiya da zinariya. Bakina suka yarda da shi."

"Huhunka nawa ne?"

"Biyu, kamar na kowa. Amma nawa na Buza ne, ba ya lalacewa."

Mata suka yi dariya, har matarsa Siddiƙa. Ni ban yi ba.

A shekara ta shida tari ya kama shi, busasshe, ba majina. Aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata shida, bai ji sauƙi ba. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ba da takarda da Faransanci, ni na karanta musu. Sunan cutar silikoz. Ƙurar dutse mai laushi ce ke shiga huhu ta zauna, wurin ya yi tabo ya sandare. Ba ta fita, ba ta da magani. Siddiƙa ta tambaye ni ko madara za ta wanke masa ƙirji, kamar yadda ake faɗa a gari. Na ce mata a'a.

Shekara biyu ya yi a haka. Salla ta koma a zaune. Alwala sai ya huta sau biyu kafin ya kai ƙafa. Kwanciya ta gagara, sai dai a jingina shi da bango. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya zama ba ya iya haɗa kalma biyar ba tare da ya tsaya neman iska ba.

Inji kuwa yana hannun Almustafa, mai shekara arba'in da ɗaya da 'ya'ya uku. Wata rana da la'asar ya zo gaisuwa, ya yi tari a bakin ƙofa kafin ya shigo. Sau biyu kawai. Ramalan ya san irin wannan tarin, sai ya tambaye shi.

"Kana hurawa?"

"Yaya, in ban hura ba, wurin wani za su kai."

"Sau nawa... a yini?"

Almustafa ya sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi Ramalan ya ce a kai shi filin. Siddiƙa ta hana, ya ƙi ji. Wani maƙwabci ya ɗauke mu a motarsa, muka zaunar da shi a kujera nesa da injuna, ta inda iska ke tasowa. Almustafa ya bi ya roƙi masu inji su kashe na ɗan lokaci. Mutane suka taru. Ousmane na cikinsu, ya tambaye ni ko wane ne wannan tsoho. Na faɗa masa.

Muryar Ramalan ba ta kai ko layin gaba, don haka ya riƙa faɗa kaɗan-kaɗan ina maimaitawa da ƙarfi. Ya rasu kwana goma sha tara bayan nan. Ba zan ce kowa ya ji ba. Wasu sun koma wanke inji da ruwa, wasu na hurawa har yau. Almustafa ya daina, rabin masu kawo masa dutse sun bar shi, kuma har yanzu ya ƙi zuwa a ɗauki hoton ƙirjinsa.

Ga abin da Ramalan ya roƙa, yadda na maimaita shi a ranar:

"Ni na fara wannan abu, ku dube ni. Masu inji, ku wanke da ruwa, ku tara lakar a roba ku ba mai dutse abinsa. Ku kuma masu dutse, don Allah, kada ku ƙara sa ƙanena ya cusa kai a inji. Shi ko wani."