Kwamfutar da Ba Ta Wuce Watan Maris Ba

Ranar wata Asabar a daminar 1998, ina 'yar aji biyar, Baba ya sauko daga ƙaramar bas a Kiru rungume da tsohuwar kwamfutar da ya sayo a Kano. Shagon buga takardu gare shi kusa da tasha, ya gaji da tafireta. Da aka tayar da janareta, sai manhajar rubutun ta nuna cewa kwana talatin kawai za ta yi aiki, daga nan sai an aika kuɗi ƙasar waje a karɓo wata lamba.

Baba bai yarda da ita ba tun daga ranar. Cewa yake yi, "Abin da ya iya ƙirga kwanakinka, ya iya kai rahotonka." In za a yi maganar sirri a shagon sai ya lulluɓe ta da tsohon zanen Inna. Ni ma ban cika son juya mata baya ba.

Wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya mana dabarar mayar da kwanan watan cikinta baya, don kada talatin ɗin ta cika. Da yake idona ya fi na Baba gani, aikin ya zama nawa. Kullum in na ɗebo ruwa, na zuba wa awaki dusa, sai in biya shago da jakar makaranta in mayar da ita ɗaya ga Maris, ranar da take nunawa sanda aka fara kunna ta. Aka yi shuka, aka yanke gero, ita tana Maris.

Ba mu lura ba cewa ita da kanta take sa kwanan wata a saman wasiƙa. Malam Sani, wani manomi daga Yako mai takardar koyarwa, ya kawo a buga masa wasiƙar neman aiki a wata makaranta. Masu tantancewa suka ga wasiƙarsa ta girmi sanarwar aikin da wata bakwai, suka yi zargin wani ne a ciki ya tsegunta masa, suka ajiye ta gefe.

Ya zo shagon ko sallama bai yi ba, ya ce wani abokin takararsa a neman aikin ne ya sayi Baba. Baba ya dube ni, ni na dubi kwamfutar. Daga baya Baba ya cire kunya, a gaban dattawa ya faɗi gaskiyar wayon da muke yi, amma ba wanda ya gane, balle ya yarda. Malam Sani ya ce, "Malam, ƙarfe ba ya ƙarya, mutum ke yi." Ya koma gonarsa, kuma har Baba ya rasu bai sake amsa gaisuwarsa ba. Abin yana ci mini rai, domin yatsana ne ya danna.

Yanzu manhaja ta intanet take tabbatar da kanta, ba mai ruɗinta da kalanda. Ina biyan kuɗin tawa ba gardama, ina kuma kewar warin fetur da tawada na shagon nan. Kwanan watan ya gyaru tuni, sunan Baba ne ban iya gyarawa ba.