Farantin Shinkafar da Ba a Yi Rubutu a Kai Ba

Kaura Namoda, biyar da rabi na asuba

Ina sallame salla na tayar da tsohuwar motar gidan. A lokacin ni direba ne a gidan wani Ba'indiye mai koyar da lissafi a Kaura, kuma fasinjata ɗaya ce ranar: mahaifiyarsa, Mama Kamala, wata tsohuwa 'yar siririya da ta daɗe a garinmu har Hausa ta zauna a bakinta. Ta fito rungume da farantin tagulla da wani littafi naɗe cikin jan ƙyalle.

Duk Lahadi takan tara 'ya'yan Indiyawan yankin, ba su fi biyar ba, ta zaunar da su a tabarma, ta karanta addu'o'insu da harshen Sanskirit suna maimaitawa, sannan ta rufe da labaran sarakuna da dabbobi. Na taɓa tsokanarta, na tambaye ta kasuwar da ake ciniki da wannan harshe. Ta yi dariya ta ce babu, na ibada ne da karatu. Ni dai ina wanke mota ina jin su. Tana addininta ina nawa, ba mu taɓa saɓawa ba.

Tafiyar ranar ta jikarta ce, Mira, 'yar shekara uku, wadda ubanta, ɗayan ɗan Mama, likita ne a Shinkafi. A al'adarsu akwai rana ɗaya a shekara da ake fara wa yaro karatu: babba ya ɗora shi a cinya, ya kama ɗan yatsansa, ya rubuta harafin farko a cikin ɗanyar shinkafa. Sau biyu ta gaya mini lallai a yi kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Na ce ta kwantar da hankalinta, Shinkafi ai nan da nan ce.

A shekarar aka fara Shari'a, tasha kuwa ta cika da jita-jita. An ce akwai shinge a hanyar Shinkafi, fita gari kaɗan, ana sauke duk macen da ke mota ɗaya da wanda ba muharraminta ba. Ban gani ba, ban kuma tambayi wanda ya gani ba. Na tuna littafin nan, na tuna abin da za a ce da ni, tsoro ya kama ni. Sai na karya kan mota zuwa Zurmi, na ce mata hanyar can ta fi kyau. Ƙarya na yi mata.

Zurmi, shida da rabi

A Zurmi mahaifiyata take, kuma ba ni da fuskar wuce ƙofar gidanta ban gaishe ta ba. Na ce wa Mama minti biyar. Inna na ganin uwar maigidana ta rikice da murna. Kafin a gama gaisawa an kama zakara an yanka. Na ja Inna gefe na raɗa mata cewa baƙuwar ba ta cin nama, kuma sauri muke.

"Kai Sule, rufa mani baki," in ji Inna. "Mata ta taho tun daga Indiya, in bar ta ta tahi da ruwa kaɗai? Mi mutane ka cewa?"

Tun da ba ta cin zakaran, sai aka ɗora wata tukunyar daban, tuwon gero da miyar kuka ba nama. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallon baƙuwa da sunan gaisuwa. Mama Kamala tana zaune a tabarma tana amsa kowa, tana satar kallon agogonta, amma ba ta motsa ba. Daga baya na gane su ma a wurinsu ba a tashi a bar abincin mai gida a kan wuta. Ni ne ya kamata in tashe mu, ban yi ba. Na zauna na cinye cinyar zakara, ina cewa a raina ko lokaci ya wuce ai sai a rama, kamar yadda muke rama salla. Goma saura kwata muka bar Zurmi.

Moriki, sha ɗaya saura kaɗan

Hanyar da ta haɗa Zurmi da Moriki ƙarshen damina ya gama da ita, rami na sallama wa rami. Ga shi ranar ana koro shanu kasuwa, sau uku na kashe mota ina jiran garke ya wuce. Muna hawa kwalta sai ga shingen da na yi ta gudu tun asuba, 'yan agaji huɗu da benci. Babbansu ya leƙo ya tambayi inda muka nufa, na ce gidan likita a Shinkafi. Sai ya gyara tsayuwa ya gaishe ta.

"Sannu da hanya, Mama. Ɗanku shi yad duba tsohona bara. Ku wuce, Allah shi kiyaye."

Ko littafin bai kalla ba. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan lokaci ba. Ta madubi na ga ta kwance agogonta ta jefa a jaka.

Shinkafi, sha biyu saura kwata

Mun tarar da Mira ta yi barci a tabarma cikin sabbin kayanta. 'Yar fitilar man da suka kunna tun safe ta mutu. Uwarta ta fito idonta ja. Na yi ƙarfin hali na ce ai rana ba ta faɗi ba, a zuba shinkafar a yi yanzu mana.

"Ba a rama wannan, Sule," Mama ta ce, a hankali. "Sai baɗi."

Ta ajiye farantin a gefe, ta tashi yarinyar, ta ɗora ta a cinya, ta riƙa karanta mata wata gajeriyar addu'a kalma kalma, ita kuma tana maimaitawa da muryar barci. Na fita na yi azahar a masallacin bakin titi, na daɗe ban dawo ba. An kawo mini fura, na kasa sha.

Komawa gida

Ƙarfe biyar muka juyo, ta miƙaƙƙiyar hanya wannan karon. Babu shinge ko ɗaya har Kaura, na Morikin ma an ɗauke shi, tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Na buɗe baki sau da yawa in gaya mata dalilin da ya sa na bi Zurmi, na kasa. Baɗin da ta ce kuwa bai same ta a nan ba. Ciwon ƙirji ya sa aka mayar da ita ƙasarsu kafin damina ta zagayo, can ta rasu. Ban san wanda ya kama yatsan Mira ba, ko an kama ɗin.

Mun iso gida lafiya ana shirin kiran magariba, na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na buɗe mata ƙofa, ta sauko da ƙyar, ta dube ni ta ce ta gode da wahalar da na sha, in na je Zurmi in gaya wa Inna tuwonta ya yi daɗi. Da zagina ta yi, da tuni na manta.