Launin Bayan Tablet Ɗina

Akwai wata ɗabi'a da na gada a wurin babana, Allah ya jiƙansa: duk abin da na saya, tun ban fita daga kanti ba nake fara tunanin ranar da zan sayar da shi. Shi ɗan kasuwa ne na gaske, da tallan takalma ya zo Libreville ta ƙasar Gabon daga Maraɗi, kuma in ya ce zai sayar da abu, to ya sayar. Ni kuwa tunanin kaɗai na gada. Firjinmu har yau da ledarsa a jikin ƙofa, kwalin fanka yana saman kwaba, amma ko cokali ban taɓa sayarwa ba daga kayan ɗakina.

Atamfa da leshi nake sayarwa daga gida, a unguwar Nzeng-Ayong. Da kwamfutar hannu, wadda muke ce wa tablet, nake ɗaukar hoton kaya ina tura wa mata. Wata safiya fuskarta ta yi layi-layi, kafin azahar ta ɗauke ɗif. Da yake garantinta bai ƙare ba, na mayar da ita kantin da na saya a unguwar Glass. Mai kantin, wani dattijo mutumin arewacin Kamaru, ya karɓa ba gardama. Bayan 'yan makonni ya kira ni in zo in karɓi wata a madadinta.

A cikin taksi na buɗe kwalin, muna kan titin bakin ruwa. Na kunna, ta kama tsaf. Sai na juya bayanta. Tawa ta da toka ce mai duhu, irin ta hadari. Wannan kuwa tokar ta ɗan karkata zuwa shuɗi. Rubutun da ke ƙasa ma ya fi ƙanƙanta. Na yi ta juya ta ina huci har matar da ke zaune kusa da ni ta tambaye ni da Faransanci ko jiri nake ji.

Da na isa gida na ajiye ta a gaban maigidana kamar na kawo gawa.

"Tana aiki?" ya tambaya.

"Tana yi."

"To, madalla."

"Maigida, ba ita ba ce."

"Ai dama ba ita ba ce. Waccan ta mutu."

"Jabu suka ba ni! Dubi launin nan. Ranar da zan sayar, wa zai yarda ta asali ce?"

Ya dube ni, ya dubi ledar firji, ya ci gaba da shan shayinsa.

Daga nan na shiga bincike. Na kai ta bakin taga, na kai ta ƙarƙashin fitilar kicin, na fita da ita tsakar rana. Ko'ina da launin da take nuna mini. Na ce bari in nemo hoton tsohuwar in gwada su. Na tone hotunan da na adana kaf, babu ita ko a ɗaya. Sai can na tuna ai ita ce take ɗaukar hotunan.

Abin bai tsaya a gida ba. A wani taron suna a unguwar Oloumi na hango wata mata da ban sani ba riƙe da tablet irin tawa. Na bar shinkafata, na matsa kusa da ita.

"Baiwar Allah, don Allah ɗan juyo mini bayanta in gani."

Ta rungume ta a ƙirji. "Me kike nufi? Mijina ya saya mini."

"Ba haka ba ne, launin kawai nake son dubawa."

"An sace miki taki ne?"

Nan take mata suka juyo. Sai da mai jego ta sa baki aka gane ba zargin sata nake yi ba. Bayan an lafa matar ta juyo mini bayan tablet ɗin a fusace. Tata azurfa ce fara ƙal, ba ta kama da tsohuwata, ba ta kama da sabuwar. Na koma kan shinkafata ta riga ta huce, kuma yanzu launuka uku ke damuna maimakon biyu.

Ƙarshe dai na koma Glass. A hanya na tsara jawabina da Faransanci, domin mu da muka yi lekol, wato boko, a nan mun saba in za a yi ƙorafi mai nauyi da shi ake yi. Na shiga, na fara zubawa, har da ɗaga yatsa. Dattijon ya bari na kai aya, sannan ya ce da Hausa, "Sannu da zuwa, Hajiya. Zauna ki sha ruwa."

Jawabin ya watse. Ba a iya ci gaba da faɗa da Faransanci da mutumin da ya miƙo maka kujera da Hausa.

Ya kunna tablet ɗin, ya nuna mini lambarta a ciki, ya nuna mini ita a jikin kwali, iri ɗaya. Ya ce kamfanin ne kan sauya fenti daga zubi zuwa zubi, cikin kuwa duk ɗaya ne. Sai na tuna a makon nan na faɗa wa wata mai sayen atamfa kusan wannan maganar, lokacin da ta ce shuɗin turmi na biyu bai kai na farko ba. Har tsaki na yi bayan ta fita.

Amma ban sauka ba. "To, Baba, in na tashi sayarwa fa? Ai mai saye zai ce ba ta asali ba ce."

"Sayarwa za ki yi?"

"Wata rana."

"Kawo yanzu, ni zan saya. Akwai mai nema tun jiya."

Ya miƙo hannu. Ban san lokacin da na fizge ta na cusa a jaka ba.

"Hotunan kayana duk suna ciki," na ce. "Kuma na fara sabawa da ita."

Ya yi dariya har da riƙe teburi. Don in rufe kunyata na ce ya ba ni rigar roba da ake sa mata saboda faɗuwa. Ya duba, ya duba, guda ɗaya ce ta rage daidai da ita, ta yara, ruwan hoda, da kunnuwan zomo biyu a sama. Na so in ce a bari, amma na riga na tayar da mutum daga kujera. Ya sa mata da hannunsa, ya miƙo mini.

Da ita nake aiki har yanzu. Manyan hajiyoyi kan zo zaɓen leshin biki, mu zauna ana magana ta girma da arziki, sai in zaro ta daga jaka, kunnuwan su fara fitowa. Wasu kan kau da kai. Wata kuwa rannan ta tambaye ni inda na samu, wai jikarta za ta so irinta.