Malam Maiwada Mai Huda Kwano Zai Ajiye Aiki

Da an sallame asuba, Malam Maiwada yakan sha kokonsa, ya tura mashin zuwa rumfarsa da ke bayan tasha a Maƙarfi. Kafin ya taɓa aikin kowa sai ya shimfiɗa buhu, ya jera zartunan hujinsa, yana bin haƙoransu da babban yatsa. Zarton huji kamar ƙaramin kofi yake mai haƙora a baki, da tsinke a tsakiya; a ɗaura shi a injin huda, ya fitar da rami zagayayye. Nasa sun kama daga mai faɗin murfin kwalba har mai faɗin tafin hannu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan sana'a.

Aikinsa a kan kwano marar kauri ne: tankin ruwa, akwatin batirin sola, indararo, rumbun hatsi na ƙarfe. In ka tambaye shi sirrin abin, ba ya ɓoyewa.

"Kwano siriri sai zarto mai ƙananan haƙora a matse," in ji shi. "Mai manyan haƙora na katako ne. Ka sa shi a kwano, ya cafke, ya yage maka shi kamar tsumma."

Yakan sa katako a ƙarƙashi, ya ɗaure kwanon tamau, ya buga ɗigo inda tsinken zai zauna, ya ɗiga mai, sannan ya tayar da inji a hankali. Ɗaurin nan da jininsa ya koye shi. Yana sabon shiga wani falle ya kufce, ya juya da injin, ya tsarge masa tafin hagu. Tabon yana nan.

Matan Kudan su ne shaidarsa. Bara waccan tumatir ya yi yawa har kasuwa ta ƙi shi. Ƙungiyar mata masu busar da kauɗa, wadda Inna Lantana ke shugabanta, ta samu akwatunan busarwa guda shida na kwano, kowanne da ƙaramar fanka mai aiki da hasken rana. Sai dai an kawo su ba ramin fanka. Wani mai gyara ya gwada da guduma da ƙarfen sara, ya yaga ɗaya, ya tattara kayansa. Ga shi matan sun riga sun yanka kwando arba'in, ga hadari yana haɗuwa kullum da yamma. In aka ƙara kwana biyu, duk zai yi funfuna.

Inna Lantana ta kira shi a waya. Hantsi bai yi ba ya iso.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya, ya iyali?"

"Lafiya lau, Inna. Ina gajiya? Nuna min fankokin tukuna."

Ya auna bakin fanka, ya zaɓi zarton da ya dace, ya fara. Akwati biyu suka fita tsaf. A na uku zarton ya ci karo da wata ƙusa da ke cikin katakon da aka ba shi, haƙora uku suka ɓalle. Ya kashe injin.

Yahuza, mijin ma'ajiyar ƙungiya, wanda kafinta ne, ya ruga gida ya dawo da nasa zarton. "Malam, ga wannan, girmansu ɗaya. A yi a gama, rana tana tafiya."

Malam Maiwada ya karɓa, ya shafa haƙoran, ya miƙa masa. "Na gode, Yahuza, amma na katako ne. An riga an yaga musu ɗaya, ba zan yaga na biyu ba."

"To tumatirin fa?" in ji Inna Lantana.

"Ku cika biyun nan, ku kunna. Saura ku baza a tabarma. In sha Allahu kafin la'asar ina nan."

Ya hau mashin sai Zariya. Shago huɗu ya shiga a Sabon Gari kafin ya samu irin wanda yake nema. Ana kiran la'asar ya dawo, ya yi salla, ya huda sauran ukun, ya yi wa yagaggen faci shi ma ya huda shi. Yahuza ya ce a zuba tumatir, Malam Maiwada ya ce a dakata. Ya ɗauki magagari ya bi bakin kowane rami yana gogewa, har ya iya zagaya shi da yatsa.

"Hannun mata ne zai riƙa shiga nan," ya ce.

Kwando uku kawai suka yi asara. Inna Lantana ta gaya min har yau babu wadda akwatunan nan suka taɓa yanka.

Yanzu yanar ido ta rufe masa idon dama, na hagun ma ya fara hazo. Ya shaida wa abokan sana'a cewa da an gama kakar bana zai rufe rumfa. Sun ce ai hannunsa ya san hanya. Ya ce, "In ban ga ɗigon da na buga ba, ba ni da hurumin ɗora zarto a kan kayan mutane."

Malam Maiwada, kai ne wanda mutanen Gazara ke shan ruwan tankinsa ba su san sunansa ba. Kai ne aka kira daga Ikara da Nasarawan Doya, ba a taɓa kiran ka a kan ka ɓata ba. Gwanin huji, mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma masu riƙe da inji, rumfar tana buɗe har ƙarshen kaka, mai ita kuma ba ya rowar sani. Ku je ku zauna kusa da shi tun yana ganin hannunku, ya gyara muku riƙo.