Dogo da 'Yar Dokin Amalanke

Dogo bai san shekarun 'ya'yansa ba, amma tambaye shi wace goɗiya ta haifi wane doki shekara talatin baya, sai ya gyara zama ya jero maka uwa da uba har kaka bakwai, da mai farin ƙafa da mai cizo. Sana'arsa ke nan tun yana da gashi a ka, haɗa jinin dawakin tsere, a 'yar gonar ubansu mai barga ɗaya da rijiya ɗaya.

Da tsohon ya rasu, dawaki biyu ya bari da 'ya'ya maza biyu. Dogo, da yake shi ne babba kuma shi ne masani, ya kama igiyar Gimbiya, wata jar goɗiya mai farin goshi wadda takardar asalinta ta fi ta mutane da yawa tsawo. Ya bar wa ƙaninsa Auta wani dukushi mai ƙaton kai da kunnuwa kamar na jaki. Uwar dukushin, kafin ta mutu, igiya ta tsinka ta je ta sadu da dokin mai amalanken yashi a bakin hanya. Dogo ne da bakinsa ya raɗa wa dukushin suna Ɗan Amalanke, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Auta, ka samu na ɗebo ruwa," in ji shi.

"Na gode, Yaya," in ji Auta. Shi dama haka yake, ko marinsa ka yi sai ya tambaye ka ko hannunka ya yi zafi.

Aka raba gonar da waya. To, ɗan hakin da ka raina. Shekara uku ba ta cika ba Ɗan Amalanke ya fara cin tsere, ya ci ya sake ci, ga kai kamar turmi amma ba a ganin ƙurarsa. Da ya bar fili ya koma barbara, 'ya'yansa ma suka ɗora. 'Ya'yan Gimbiya kuwa, masu kyan wuya da takarda, kullum na biyu, in rana ta ɓaci na huɗu.

Nan ciwon Dogo ya samo asali. Ya huda bangon barga ya ce don iska ne, alhali ta nan yake ƙirga motocin da ke kawo wa dokin Auta goɗiyoyi. In aka ce ɗan wancan dokin ya ci, sai ya ce filin ne ya jiƙe. In filin a bushe yake, ya ce mahayin na biyu ne ya yi barci. Matar Auta kuma ba ta taimaka ba, don a tagar da ke kallon gidan Dogo take jera kofunan da dawakinsu suka ciwo, tana goge su da toka har su riƙa kashe ido. Shekara goma sha biyu Dogo na faɗa wa duk mai kunne cewa jinin amalanke ba ya ɗorewa, a jira a gani. Aka yi ta jira.

Sai Gimbiya ta tsufa. Duk haihuwarta maza ta yi, duk an sayar, ba mace ko ɗaya da za ta riƙe gidan. Likitan dabbobi ya duba haƙoranta, ya shafa cikinta, ya ce ciki ɗaya ya rage mata, shi ma da rabo. In ba ta bar 'ya ba, jinin da Dogo ke taƙama da shi ya ƙare a turke.

Ya yi wata guda yana lissafin kakanni da yatsu, sannan ya sa aka kawo wani ingarma daga nesa, baƙi wuluk, da takarda mai tambari uku. Gimbiya ta dube shi sau ɗaya ta ba shi kofato a ƙirji. Aka daure aka haɗa su, bai kama ba. Aka jira mako uku ta sake neman namiji, nan ma shiru. Aka mayar da ingarman. Amma da Ɗan Amalanke ya yi haniniya daga ƙetaren waya, sai ka ga tsohuwar ta ɗaga jela tana jingina da shinge kamar budurwa.

Matar Dogo, wadda ake kira Mai Keke saboda ɗinki, ta leƙo da zare a baki ta ce, "Malam, ita fa ba ta iya karatu ba. Takardar kai ta burge."

"Ke, koma kan kekenki."

"Zan koma. Amma taku goma ne tsakaninka da ƙaninka. Ka je ka ce masa a ba ka aron doki, bakinka ba zai faɗi ba."

"Ni? In roƙi Auta jinin amalanke? Gara a ce na mutu."

Bai mutu ba, bai kuma roƙa ba. Wata uku ya yi yana juyi a kan tabarma. Ya san a ransa abin da duk mai ido ya sani: Gimbiya na da tashin farko, wancan mummunan na da numfashi, in aka haɗa sai dai a yi wa sauran dawaki addu'a. Ran da Auta da matarsa suka tafi duba surukinsa a asibiti, da tsakar rana tsaka, goɗiyar kuma tana kan nema, Dogo ya shigo ɗaki yana raɗa.

"Taso ki riƙe min Gimbiya."

Mai Keke ta dube shi daga rawani har takalmi. "Sata, da furfurarka?"

"Wace sata? Ba dokin ubanmu ba ne?"

"Yau kuma ya zama na ubanku?"

Ta dai taso, don ita ma tana son goɗiyar. Aka yi abin da za a yi, ko harbi ɗaya Gimbiya ba ta yi ba. Dogo ya mayar da dokin turkensa, ya ɗaure, ya bi sawun kofato da tsintsiya yana sharewa da baya da baya.

Wata goma sha ɗaya cif, Gimbiya ta haifi mace. Dogo ya yi hamdala, sannan ya dubi kan, ya dubi kunnuwan, ya zauna a kan bokiti. Ita da Ɗan Amalanke kamar an tsaga kara. Ya sa Mai Keke ta ɗinka mata hular ƙuda mai rufe kunne, ya ce idonta ne ba ya son ƙuda, rani da damina ba a cirewa. Mutane kuwa ya ce musu 'yar baƙin ingarman nan ce.

Da ta shekara biyu, in aka sake ta da safe, har masu wucewa a keke tsayawa suke yi. Sai dai doki ba ya shiga tsere sai an rubuta shi a ofishin rajista, da ranar barbara, da sa hannun mai ingarma. Dogo ya sa babbar riga ya tafi da tsohuwar takardar baƙin doki. Akawun, wanda Dogo da kansa ya koya wa lissafin cikin goɗiya, ya ƙirga da biro, ya sake ƙirgawa.

"Baba Dogo, wata goma sha huɗu ke nan fa. Goɗiya ce ko raƙuma?"

"Tsohuwa ce, ta yi nawa."

"Baba, ka kawo min hannun mai uban na gaskiya. In babu, ba ta taka fili."

Kwana tara takardar na aljihunsa. A na goma ya zagaya ta ƙofa, ya sami Auta yana yanka harawa.

"Auta."

"Yaya! Lafiya? Shigo inuwa."

"Wata 'yar takarda ce. Ta dukusar nan. Ka san dabba, wani lokaci igiya kan tsinke..."

"Ba ta tsinke ba, Yaya," in ji Auta, yana goge hannu a wando. "Ranar da muka dawo asibiti na tarar da shi sharkaf da gumi, an ɗaure shi da ƙullin nan naka mai kunne biyu. Duk duniya kai kaɗai ke yinsa. Kawo in sa hannu. Tun tuni nake jira, ina jin nauyin in fara magana."

Da zagi ya yi da ya fi wa Dogo sauƙi. Ko ladan barbara bai nema ba. Matar Auta ta leƙo ta taga ta ce, "Yaya, a cire wa 'yarmu hular nan haka, zafi ake yi."

Ranar tseren, dukusar ta bar na biyu da tsawon doki biyar. Karon farko ke nan a rayuwar Dogo da dabbarsa ta riga kowa. Ya buɗe baki zai yi ihu, sai lasifika ta riga shi: "'Yar Ɗan Amalanke! Jinin Ɗan Amalanke bai taɓa ƙarya ba!" Jama'a suka yi caa a kan Auta, ana rungumarsa, ana ɗaga hannunsa. Auta na ta nuna yayansa yana cewa ga mai ita can, ba wanda ya waiga. Nan take mutum uku suka nema wa goɗiyoyinsu layi wurin Ɗan Amalanke. Dogo na tsaye da bokitin ruwa yana cewa, "Uwarta fa? Gimbiya ce uwarta!" Wani ya miƙo masa linzami ya riƙe, ya ɗauka mai ba dawaki ruwa ne.

Tsere na gaba Dogo ya ce kofatonta ya tsage. Na bayansa ya ce tana tari. Likita ya zo ya duba, ya ce shi bai ga komai ba. Daga nan sai Dogo ya sanar cewa ya ajiye ta don haihuwa, jinin Gimbiya ya fi ƙarfin a ɓata shi a guje-guje. Gudu ɗaya ta yi a duniya, kofi ɗaya ta kawo, shi ma yana ƙarƙashin gado.

Mai Keke ta bari sai da ya zauna cin abinci, sannan ta ce, "Malam, shekara talatin kana neman dokin da zai ci. Ka samu, ka ɗaure. Wa ka cuta?"

Dogo ya daɗe yana juya cokali a kwano.

"Duk cin da za ta yi," ya ce, "nasa ne."

"To ci abincinka," in ji ta, "wannan dai naka ne."