Na Sa An Rufe Reshen Kawuna

Edita, a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ni matashin akanta ne mai ji da kansa, ina aiki a wani kamfanin taki da hatsi da ke Ƙauran Namoda, mai rassa a Shinkafi da Zurmi. Kawuna, wanda ke riƙe da reshen Zurmi, shi ya kai ni gaban Alhaji mai kamfanin har aka ɗauke ni. Alhaji yana son ya san dukiyarsa tsaf saboda zakka, sai na matsa masa ya sayi wata manhaja mai haɗa lissafin rassa wuri guda. Kana iya juya lissafin ta reshe, ta wata, ko ta irin kaya, sannan ka tsara kasafin baɗi. Da ta fara aiki kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Ko ta ina na juya, Zurmi asara take nunawa, Shinkafi kuma riba kamar me. Dalilin ba ɓoyayye ba ne a gare ni, don ni ɗan Zurmi ne. Kawu yakan ba manoma taki da damina, su biya da gero da dawa in kaka ta yi, a loda hatsin zuwa kasuwar Shinkafi a sayar. Wahalar ta Zurmi ce, kuɗin kuma a Shinkafi suke shiga. Ni ya kamata in shigar da wannan a manhajar, amma gaggawar burge Alhaji ta sa na ce sai daga baya. Da ya ga asarar Zurmi ya tambaye ni ko na tabbata, kunya ta hana ni cewa aikina bai kammala ba. Na ce masa na'ura ba ta ƙarya. A kasafin shekarar aka cire Zurmi.

Ranar da aka rufe shagon, kawu bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini makullai ya ce, "Ɗana, mi niy yi maka?" Na karɓi makullan.

Kaka ta zo, rumbun Shinkafi wayam. Hankalina ya tashi, na daina cin abinci. Na hau babur na bi garuruwan Dauran da Birnin Tsaba a ƙasar Zurmi ina roƙon manoma su kawo mana hatsi, suka ce sun ƙulla da wani ɗan kasuwa da ya ba su taki lokacin da muka juya musu baya. Na durƙusa gaban Alhaji na faɗi gaskiya, na roƙe shi ya kore ni amma ya mayar da kawu. Ya kore ni ɗin, ya ce ba shi da ƙarfin sake buɗe komai. Na sayar da babur na kai wa kawu kuɗin, ya sa aka maido mini. Mahaifiyata ta yi watanni ba ta amsa gaisuwata. Kawu ya koma noma da tsufansa, kuma hawan jini ya kwantar da shi kafin damina ta biyu.

Manhajar ba ta da laifi, abin da na zuba mata shi ta nuna. Ina roƙon 'yan'uwana masu aikin lissafi, kafin ku ce wani reshe ba ya kawo komai, ku je ku ga inda kayansa ke ƙarewa. In ba ku gama aikinku ba, ku faɗa ko da za a yi muku dariya. Kawu ya yafe mini kafin ya rasu, amma har yau in zan shiga Zurmi sai na canza hanya don kada in wuce ƙofar shagon nan.