Daminar da Na Zana a Bango

A daminar shekarar da na shiga aji biyar, wata safiyar Asabar bayan an ɗauke ruwa, Ustaz Bashir ya fito da mu tsakar makarantarmu ta Gedambaliya. Baƙar lakar nan ta kama mana ƙafa, sai da muka tuɓe takalma muka riƙe a hannu. Ya sauko da wani gwangwanin madara da ya ɗora a kan turke, ya tsoma sandar awo ya duba, sannan ya je bangon aji ya ja layi tsaye da alli daidai tsayin ruwan. "Wannan shi ne ruwan jiya," in ji shi da Larabci. Ya ba ni alli in gwada, da ya ga layina ya miƙe, sai ya bar mini aikin.

Kafin in tafi makaranta nakan ɗebo ruwa a jaki daga hafir, tafkin da garin ke sha, in yanko wa awaki ciyawa, in cusa kisra, wainar dawarmu, a baki ina gudu. Da yamma mu buga ƙwallon tsumma a bayan bukkoki, ko mu gina motocin noma da laka mu shanya. Amma hankalina yana kan bangon nan. Duk ranar da aka yi ruwa in ƙara layi, har suka jeru, wani dogo wani gajere, mutum ya tsaya daga bakin ƙofa ya ga damina gaba ɗayanta. Ustaz ya ce akwai masu cin abinci da irin wannan zane a Khartum, kuma idan na dage zan kai. Na kawo Baba ya gani. Ya daɗe yana kallo, hannu a baya, sannan ya ce, "Kamar buhuna a kasuwar Gadarif." Daga nan ya saya mini rake.

Baba ɗan ƙwadago ne a manyan gonaki. Ana gab da yankan riɗi zazzaɓin kalazar ya kwantar da shi, cikinsa ya kumbura, ga ƙannena huɗu. Inna ta kira ni bayan ɗaki ta miƙo mini laujensa. "Isa, riɗi ba ya jiran mai jinya," ta ce. "Ka riƙe masa wurinsa, in an gama sai ka koma." Aka gama riɗi aka shiga dawa. Ustaz Bashir ya zo har gida, ya zauna a ƙarƙashin rumfa, ya ga yadda Baba ya koma, ya sha shayi ya yi addu'a ya tafi, bai ta da maganar komawata makaranta da ta kawo shi ba. Baba ya rasu kafin a sheƙe dawa. Ban sake shiga aji ba.

Na yi shekaru ina bin lori daga gona zuwa gona har Hawata, kafin kawuna ya koya mini ɗinki a kasuwar Gadarif. Da keken ɗinkin nan ƙannena suka yi karatu, da shi na yi aure. Khartum kuwa sau ɗaya na je, rakiyar mara lafiya. 'Yata Halima ce yanzu take irin wancan aiki a wani ofishin noma. Takan buɗe kwamfuta ta nuna mini ruwan shekaru masu yawa, ja da kore da shuɗi, ta ce, "Baba, ka gane?" Nakan ce na gane, ko da yake idona ya yi rauni, sai na matso sosai. Zaren allura ma jikana ke zura mini.

A da ina ganin Baba babban mutum ne wanda ya gama sanin duniya, ina jin cewa da ya rayu da komai ya tafi daidai. Yanzu na haura shekarunsa da nisa. Idan na tuna shi kwance a kan gadon igiya yana bin mu da ido, sai in ga ashe saurayi ne, shi ma da nasa burin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Na so a ce na tambaye shi.